Majalisar Koyi a Darasin Hutu: Makonni Uku a Wata Cibiya a Katsina

A hutun damina da ya wuce na sa ɗiyata, wadda ke aji biyar na sakandare, a wani shirin darasin hutu da ake gudanarwa a wata cibiya kusa da Ƙofar Ƙaura. Maimakon bitar lissafi da Turanci da aka saba, masu cibiyar sun ƙago wata ƙasa ta tarayya wadda babu ita a taswira, mai jihohi biyar, ɗaya cike maƙil da jama'a, sauran huɗun ƙanana, suka kuma raba ɗaliban zuwa majalisu biyu. A ta dattawa kowace jiha kujera biyu gare ta, a ta wakilai kuwa yawan jama'a ne ke yanke rabo.

Abin da ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba ya faru ne a mako na biyu, lokacin da wakilan babbar jihar suka kawo ƙudurin raba kuɗin shiga bisa yawan mutane. Ƙudurin ya wuce a majalisar wakilai ba tare da wahala ba, amma da ya isa ta dattawa sai ƙananan jihohin suka haɗa kai suka kayar da shi. Ɗiyata, wadda take wakiltar babbar jihar, ta dawo gida tana huci, tana cewa an yi musu zalunci. Sai na tuna mata cewa a Majalisar Wakilai ta Abuja mai kujeru 360, Kano na da 24, Katsina 15, Bayelsa 5, amma a Majalisar Dattawa mai kujeru 109 kowace jiha sanatoci uku gare ta, Abuja kuma ɗaya. Irin wannan gardamar ce Amurkawa suka yi a 1787 kafin su amince kowace jiha ta sami sanatoci biyu. Na sha karanta mata wannan daga littafin gwamnati, bai taɓa zama mata ba sai da aka kayar da nata ƙudurin.

Malamin da ke riƙe da zaman ya san aikinsa. Ba ya barin a fara muhawara sai an ajiye sandar majalisa kuma kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisar sun hallara, kamar yadda ake yi a majalisunmu.

Sai dai shirin ya tsallake wurare biyu masu nauyi. Daga karatu na biyu, wato matakin muhawara kan ƙuduri, ake zarcewa zuwa ƙuri'a, babu zaman kwamiti, alhali a kwamiti ne ake tsefe ƙuduri sashe bayan sashe, a nan kuma ake daidaita shi idan majalisun biyu sun zartar da shi da bambanci. Ƙasar kuma ba ta da shugaba, don haka yaran ba su ga yadda ake ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu ba, ko yadda kashi biyu bisa uku na kowace majalisa ke iya zartar da doka idan ya ƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. An wajabta Turanci zalla, sai 'yan kaɗan suka mamaye muhawarar, yawancin yaran makarantun gwamnati kuma suka yi shiru, ko da yake a waje na ji su suna kawo hujjoji masu ƙarfi da Hausa. Sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1999 da kansa ya yarda a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Na faɗa wa shugaban cibiyar haka ranar rufewa, ya ce za su duba a hutu mai zuwa, ni kuma na ce masa idan sun gyara zan kawo ƙanenta.