Maganin Majinar Ƙirji: Mai Busarwa Ko Mai Tsinkawa?

Majinar da ke fitowa daga hanyoyin numfashi tana ƙarƙashin ikon jijiyar vagus, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙirji da ciki. Idan ƙura, hayaƙi ko ƙwayar cuta ta taɓa bututun iska, jijiyar kan saki sinadarin acetylcholine, shi kuma ya umarci ƙwayoyin da ke haɗa majina su ƙara zubowa. Kowane magani yana da inda yake taɓa wannan aiki, don haka a duba irin kakin kafin a saya.

Ga mai COPD, wato ciwon toshewar huhu mai daɗewa, likita kan rubuta maganin shaƙa mai toshe saƙon jijiyar domin buɗe bututun iska, irin su ipratropium da tiotropium. Ipratropium yana aiki awa 4 zuwa 6, shi ya sa ake shaƙarsa sau uku ko huɗu a yini. Tiotropium kuwa sau ɗaya ne, ƙwanson maikirogiram 18, kuma a na'urar shaƙa ake sa shi, ba a haɗiyewa. Ga mai yawan mantuwa, tiotropium ya fi, sai dai ba ya ceto idan numfashi ya sarƙe farat ɗaya. Dukansu suna busar da baki, suna iya riƙe fitsari ga dattijon da dama yake shan wahalar fitsari, kuma feshin da ya shiga ido yana iya tayar da hawan jinin ido.

Chlorphenamine da diphenhydramine, da ake zubawa a wasu ruwan maganin mura, su ma suna danne wannan saƙo, amma a jiki duka. Hanci zai tsaya, barci ya zo, kaki mai kauri kuwa ya ƙara manne wa ƙirji.

Guaifenesin akasin haka yake yi: yana ɗan tsokanar jijiyar a cikin ciki, sai bututun iska su saki majina mai ruwa. Babba kan sha miligiram 200 zuwa 400 duk awa 4. Amfaninsa bai taka kara ya karya ba. Acetylcysteine bai shafi jijiya ba, majinar kanta yake tsinkawa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kwalba ɗaya da ta haɗa mai busarwa, mai tsinkawa da mai danne tari irin dextromethorphan. A juya kwalin a karanta. Ƙirji mai kaki yana bukatar tarin da zai fitar da shi. Kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 6 irin waɗannan, kuma tarin da ya wuce mako biyu ko ya zo da jini yana bukatar gwajin tarin fuka.