Na gwada LombScargle na Astropy a kan bayanan rijiyarmu ta Argungu

Wata uku na yi ina tara awon hawa da saukar ruwa a wata ƙaramar burtsatse da ke gonar kawuna a fadamar Argungu, daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, lokacin da shinkafar rani ke shan ruwa. Aikin digirina na biyu ne. So nake in ga yadda injinan ban ruwa ke janye ruwan ƙasa kullum, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya dawo. Na'urar da na zura cikin rijiyar wajen wani mai kayan sola na saye ta a Birnin Kebbi, kuma ya rantse mini batirinta zai yi kwana uku ko da rana ba ta fito ba. Na saita ta ta riƙa rubuta awo duk minti 10.

Ranar da na zare katin ajiyar bayanan na'urar na buɗe a kwamfuta, gabana ya faɗi. Kusan kowane dare na'urar takan mutu wajen ƙarfe ɗaya, ba ta farfaɗowa sai rana ta ɗaga, wajen takwas. Ranakun da hazon hunturu ya yi kauri kuwa, wuni guda cur babu komai. Duk da haka na zuba lambobin cikin FFT, lissafin da ke gano duk bayan awa nawa abu ke maimaita kansa, kamar yadda aka koya mana, sai ta nuna mini wai ruwan yana zagayowa duk awa 17 ko kusa da haka. Wane manomi ne ke ban ruwa duk awa 17? Dalilin a fili yake. FFT, wadda Cooley da Tukey suka fitar a 1965 don saurin irin wannan lissafi, ba ta duba agogo. Jerin lambobi kawai take karɓa, ta ɗauka tazarar da ke tsakaninsu iri ɗaya ce. Tunda awa bakwai na ɓacewa kowane dare, sai ta manne jiya da yau, kwana ya koma awa 17. Na gwada cike giɓin da miƙaƙƙen layi, amma raina bai kwanta ba, don kusan kashi ɗaya cikin uku na bayanan ni na ƙirƙira su ke nan.

Wani abokina da ke koyar da fiziks ne ya ce in gwada LombScargle da ke cikin Astropy, manhajar Python ta masu nazarin taurari. Kyauta ce. Su ma matsalarsu ke nan, tauraro ba ya ganuwa da rana, gajimare kuma yakan rufe shi da dare. Sunan masana biyu ne ke kanta: Lomb ya kawo hanyar a 1976, Scargle ya gyara ta a 1982. Kana ba ta lokacin kowane awo tare da awon kansa, ita kuma ta ɗauki igiya mai hawa da sauka ta dora a kan ɗigon da kake da su kaɗai, ta auna yadda suka dace, ta canza tsawon zagayen ta sake aunawa, har ta ƙare. Inda babu awo ba ta zuba komai.

Wallahi layi huɗu na rubuta. Na cire gangarowar da ruwan ke yi a hankali tsawon rani, na danna, kafin in kai kofin shayi baki zane ya fito da tsini dogo a kan awa 24 daidai, wato ruwan na zagayowa duk awa 24. Mako biyu ina fama, ga shi a tsohuwar kwamfutata cikin daƙiƙa kaɗan. A daren na kira abokin nan na yi ta sa masa albarka.

Akwai kuma tsini na biyu a kan awa 12, shi ne ma ya fi burge ni. Na ce shi ke nan, manoma sau biyu suke tayar da inji, safe da yamma, har na rubuta shafi biyu a kai. Da na je gona na gaya wa kawu, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya hwaɗa maka haka? Tun da man fetur ya yi tsada, sau guda muka tada inji, da sahe." Na ce, "Kawu, kwamfuta ce ta nuna." Ya ce to in koma in tambaye ta.

Na koma. Na ƙirƙiri igiya tsantsa mai zagayen awa 24, wadda na san babu komai cikinta sai wannan, na ɗauki awonta a daidai lokutan da na'urata ke raye, na ba LombScargle. Tsinin awa 12 ya sake fitowa. Ashe giɓin da kansa yana da zagaye, tunda kowane dare yake zuwa, kuma idan zagayen giɓi ya haɗu da na ruwa sai su haifar da inuwa, wato tsinin ƙarya, a wani wuri. Da giɓin a warwatse yake ba tsari, da abin bai kai haka ba. Akwai wani lissafi a manhajar da ke faɗa maka yiwuwar tsini ya zama na hayaniya kawai, wato hargitsin awo mara tsari, kuma ya wanke tsinin awa 12 tas daga zargi, domin tambayar da yake amsawa daban ce: inuwa ba hayaniya ba ce. Wannan yanayin hanyar ne, masu taurari sun daɗe da saninsa, amma wanda ya shigo daga fannin ruwa irina ba zai sani ba sai ya yi tuntuɓe. Don haka yabon da na yi a daren farko na rage shi kaɗan. Duk mai amfani da ita ya fara gwada lokutan awonsa da igiyar da ya san amsarta kafin ya yarda da kowane tsini.

Har yanzu idan na tuna mai kayan solar nan raina yakan ɓaci. Awannin da batirinsa ya cinye mini, daga ɗaya zuwa takwas, su ne daidai lokacin da ruwan ke dawowa ya cika kafin a tayar da inji, wato rabin abin da na je nema. Babu manhajar da za ta dawo mini da su. Da na mayar masa da maganar, cewa ya yi ƙura ce ta rufe farantin, in riƙa gogewa. Ƙura ce ke kashe batir ƙarfe ɗaya na dare kullum har wata uku?

Malamina ya amince in gabatar da sakamakon awa 24 kaɗai, in cire shafi biyun nan. Na riga na sayi batirin babur na haɗa wa na'urar, ta kwana goma a ɗakina ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba, kuma kawu ya ce rijiyar na nan idan Allah Ya kai mu rani mai zuwa.