Hattara da mai "kekunan Turai" da ke fara tambayar tsawonka a WhatsApp

Jama'ar Damagaram, salamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don ba wanda yake son ya fito bainar jama'a ya ce an yi masa wayo. Amma shekaranjiya da dare muna zaune a fada ana dafa shayi, sai ƙanen wani abokina ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, duba mini wannan keken, jikka 80 kawai." Ina dubawa gabana ya faɗi. Hotunan nan ne dai da aka turo mini watanni uku da suka wuce, har da koriyar ƙofar da aka jingina keken a jikinta. Lambar waya kaɗai aka sauya. Wato mutumin nan yana nan yana cin kasuwarsa.

Yana shiga zaurukan saye da sayarwa na WhatsApp da Facebook, ya zuba hotunan kekuna masu giya, ya ce kwancen Turai ne, kwantenarsa tana Lome, wanda ya riga ba da kafin alƙalami shi zai zaɓa. Wannan duk mun saba ji, kuma da a nan ya tsaya da bai same ni ba. Abin da ya kama ni tambayarsa ce ta farko. Kafin ya ambaci kuɗi sai ya ce, "Malam, tsawonka nawa? Ba na sayar wa mutum keke sai na san jikinsa."

Ni dogo ne, santimita 184. Tun ina yaro duk keken da na hau sai gwiwata ta nemi dukan kan keken, kuma ban taɓa haɗuwa da mai sayarwar da ya damu da wannan ba. Sai ga wani yana tambaya kamar tela. Na faɗa masa, ya ɗan yi jim, ya dawo da saƙon murya: "Kai lamba 26 ce taka, lambar manya. Akwai guda na alminiyam, mara nauyi, kamar don kai aka ƙera shi." Na ce a raina yau na samu wanda ya san aikinsa.

A kan wannan 26 ɗin aka gina damfarar gaba ɗaya, don haka ku bari in tsaya a kanta. Lamba 26 ba girman keke ba ce, girman ƙafarsa ce, inci 26. Tana rubuce a gefen taya, za ka ga kamar 26 x 1.95. Firam kuwa, wato ƙarfen gangar jikin keken, awonsa daban, kuma shi ne ke nuna ko keke ya yi wa mutum ko bai yi masa ba. Ana iya ɗora ƙafa 26 a firam na inci 14, ana iya ɗora ta a na inci 21. Na farko sai gajere ko yaro mai tasowa, na biyu sai dogo, alhali duk sunansu "26". Mu nan mun gaji kiran keke da lambar ƙafa, tun daga Raleigh da Phoenix na iyayenmu masu ƙafa 28, ga kuma kekunan yara da dama da ƙafar ake bambanta su, 16 ko 20 ko 24. Mutumin nan ya san da wannan sabon namu, da shi yake farauta.

Muka yi ciniki a kan jikka 85. Na tura 45 ta wani kamfanin aika kuɗi, da wani suna daban da wanda ya gaya mini tun farko. Da na yi magana ya ce sunan yaron shagonsa ne. Ya ce mako biyu. Mako biyu suka zama biyar. Kullum uzurinsa ɗaya, iyakar Benin a rufe take tun 2023, kaya sai sun zagayo ta Burkina, motoci suna jiran rakiya. To wa zai musa? Kowa ya san haka abin yake a lokacin, sai ya ɗaure ƙaryarsa a jikin gaskiya. Ana cikin haka ya nemi ƙarin jikka 10, wai na duwan, wato kwastam. Na riga na zura hannu, na tura.

Ranar da kayan suka "iso" an kira ni bayan magariba, aka ce in zo bakin tasha. Wani yaro na tarar, riƙe da keke naɗe cikin kwali, an cire ƙafar gaba an ɗaure ta a gefe da igiyar roba. Ya ce maigidansa ya ce kada ya saki sai an cika kuɗi, kuma motarsu za ta tashi. Na haska fitilar waya ta wata ɓula a kwalin, na ga fenti yana ƙyalli, na ga an manna XL a jiki, alamar babban firam. Na ƙirga masa 40. Cinikin biri a sama na yi tun farko, na zo na ƙarasa shi cikin duhu. Duka-duka jikka 95.

Da na haɗa shi a gida, daga nesa ya yi kyau, sirdi can sama kamar na masu tsere. Da na hau sai na ji kamar na durƙusa a kan kujerar tsakar gida. Kan keken yana ƙasa sosai, kuma kusa da cikina. In na karya kwana, yatsun ƙafata su gogi tayar gaba. Kwana uku wuyan hannu ya fara sagewa, ƙugu ya riƙe. Na kira shi, ya ce, "Haba Malam, jikinka ne bai saba ba, keken Turai sai a hankali." Rana ta tara na bi hanyar Miriya da sassafe, na faɗa wani ɗan rami da ko akuya ba za ta kula da shi ba, sai na ji ƙas a ƙarƙashina, sirdi ya kwanta baya. Allah ya kiyaye ba mota a bayana. Da ƙafa na turo shi har cikin gari.

Akwai wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, yana zama ƙarƙashin dogon yaro da akwatin kayan aikinsa da kwanon ruwan neman faci. Na kai masa. Bai ce komai ba, ya sa sifana ya sassauta ƙusar da ke riƙe sandar sirdi, ya ɗan taɓa, sandar ta fito a hannunsa. Abin da ya shiga cikin firam bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Ya juya sandar ya nuna mini wani wuri da aka goge da takardar yashi har ya yi fari. "Ka ga nan? Akwai layin da masu ƙerawa suke sawa, ba a jan sanda ta wuce shi. Sun goge." Bakin bututun kuwa ya tsage kamar an tsaga rake.

Sai ya ciro tef irin na tela daga aljihu, ya kafa a tsakiyar ƙusar da fedoji ke juyawa a kanta, ya ja har bakin bututun da sandar sirdi ke shiga. Santimita 38. Inci 15 ke nan, tun da inci guda santimita 2.54 ne. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Ɗana, keken yaro aka sayar maka, aka sa masa wuyan raƙumi." Ya sa farce ya ɗaga XL ɗin, ta taso kamar takardar alewa. Na ce, "Baba, ai ko ba komai alminiyam ne." Ya laluba akwati ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika, ya kai kusa, ya manne caf. Alminiyam ba ya kama maganaɗisu. Ƙarfe ne aka fesa wa fenti. Daga nan ya kama yatsana ya bi da shi ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuyan keken, na ji wani ɗan ƙunci a wurin. Ya ce wannan alamar keken ya taɓa yin karo ta gaba ce, ƙarfen ya lanƙwashe aka miƙar.

A gindin bishiyar nan na koyi abin da ya kamata in sani kafin in tura ko dala, na kuma ƙara bincike daga baya. Tsawon mutum kaɗai ba ya isa. Mutum biyu za su yi tsawo ɗaya, wannan ƙafafunsa ne dogaye, wancan gangar jikinsa. Awon da ake fara yi na ƙafa ne daga ciki. Ka cire takalmi, ka jingina da bango, ka sa littafi mai kauri tsakanin cinyoyinka ka ɗaga shi sama har ya tokare kamar kana zaune a sirdi, wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Nawa 88 ya fito. In keken kwalta ne mai siririyar taya, ana ninka awon da kusan 0.66, ni ya ba ni firam na santimita 58. In mai faɗin taya ne irin na hawa tudu, wanda ya fi dacewa da yashi da duwatsun garin nan, ana ninkawa da kusan 0.57, ya ba ni santimita 50, wajen inci 20. Ni mai inci 20 aka kawo wa 15.

Tsayin sirdi ma da lissafinsa: awon ƙafa sau 0.883, daga tsakiyar ƙusar nan da fedoji ke juyawa a kanta zuwa saman sirdi. Nawa ya kama kusan santimita 78. Ku cire 38 na firam ɗin, saura 40, duk sai sanda da sirdi su cike shi. Shi ya sa suka zaro sandar har ta kusa fita, don mai kallo ya ga keke dogo. Duk nauyina a kan yatsu biyu na ƙarfe yake tafiya.

Wanda lissafi ya dame shi, jikinsa ma ya ishe shi awo, in dai keken yana gabansa. Ka tattare riga, ka ƙetara keken ka tsaya, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ya kamata a samu tazarar yatsu biyu ko uku tsakaninka da bututun sama, in mai faɗin taya ne ma fiye. In bututun ya taɓa ka, keken ya fi ƙarfinka, ranar da ka yi birki na gaggawa za ka gane. Sannan ka hau sirdi wani ya riƙe maka, ka sauke feda ƙasa ƙarshe, ka ɗora diddige a kai. Ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In ka maido da gaban tafin ƙafa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, haka ake so. Sai ka duba sandar sirdi a wannan tsayin, ko layin nan yana ciki ko ya fito. Bayan haka ka kama kan keken ka zaga, ka ji ko miƙa kake yi kamar mai ɗebo ruwa a rijiya, ko kuwa a takure kake. Sirdi ana ɗagawa a sauke, amma nisa tsakanin sirdi da kan keke firam ne ya yanke shi, gyaransa kaɗan ne.

Ga iyaye kuma, tun da maganar ta biyo: a daina saya wa yaro keken da ya fi shi wai zai girma ya cika shi. Keke ba riga ba ce. Kullum muna ganinsu da safe a hanyar makaranta suna lilo a kan bututu, ƙafa ba ta kai ƙasa, ga 'yan kabu-kabu suna ketowa.

Ba ina cewa duk mai sayar da kwance ɓarawo ne ba. A Kasuwar Dole akwai masu kekuna, wasu za su tsuga maka kuɗi, wasu ma ba su san awon firam ɗin ba, amma keken yana nan, ka taɓa, ka hau, ka kife shi ka duba lambar da aka buga a ƙarƙashin gidan feda ko an kankare ta, gobe in da matsala ka san rumfar. Na waya kuwa, ranar da na tura masa hoton tsagewar ya toshe ni.

Na kai ƙara komisariya da rasit ɗin aika kuɗin guda biyu da hotunan hirarmu. Ina shawartar duk wanda abin ya shafa ya yi haka, kada kunya ta hana shi, kuma kada ya goge saƙonnin murya. Tun da na fara ba da labarin na samu mutum biyu. Ɗaya ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou, shi ko kwalin ma bai gani ba, kafin alƙalaminsa ya tafi. Ɗayan wata baiwar Allah ce da ta saya wa ɗiyarta, ita kuma ƙaton keke aka kawo mata da sirdi a danne ƙasa, yarinyar ba ta ko iya kamo birki. Ita ma "26" aka ce mata. Ashe duk tsawon da ka faɗa, amsar ɗaya ce.

Keken nawa yana jingine a zaure. Baba ya ce in an yi wa bututun walda aka sauke sirdi, ƙila ya yi wa yaro zirga-zirgar cikin unguwa, amma saboda lanƙwasar gaban nan shi ba zai ɗora jikansa a kai ba. Ni ma ban ɗora nawa ɗan ba.

Shi kuwa ƙanen abokin nawa, a daren muka auna shi a jikin bango da littafin lissafinsa, ya fito 79, wato firam na wajen inci 18 yake buƙata. Mun yi da shi ranar Alhamis za mu shiga Dole da tef a aljihu. Kafin mu tashi na ce ya rubuta wa mai hotunan, ya ce a ɗora tef a jikin firam daga ƙusar feda zuwa bakin bututun sirdi, a ɗauko masa hoto, sannan ya ce ba zai biya ba sai ya hau. Ya tura. Saƙon ya nuna an karanta. Ba mu gama shan shayi na uku ba hoton da ke kan lambar ya ɓace.