Mars ko Tauraro Mai Nisa: Ina Marubuci Zai Tura Jaruminsa?

Marubucin ƙagaggen labarin kimiyya a Kaduna yana da hanya biyu idan zai fitar da jaruminsa daga duniya. Tafiya duniyar Mars tana da madogara, domin na'urar bincike mai suna Perseverance ta sauka can a Fabrairun 2021 bayan tafiyar kusan wata bakwai, kuma saƙon rediyo yakan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya iso, jinkirin da ya isa a nuna uwa a Unguwar Rimi ta ƙura wa waya ido tana jiran muryar ɗanta.

Tauraron Proxima Centauri kuwa, a ganina ya fi kusa da tatsuniya, domin haske kansa sai ya haura shekara huɗu a hanya, kumbo mai gudu irin na kumbon binciken sararin samaniya Voyager 1 kuma zai buƙaci fiye da shekara 70,000.