Wasiƙa daga Amurka: ina za ka yi digirin digirgir a ƙididdiga?

Ƙanena, assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya? Na ga jerin jami'o'in da ka turo kana tambayar wacce ta fi.

Jerin nan na mujallar U.S. News ne, kuma ya kamata ka san yadda ake haɗa shi. Malaman fannin ake tambaya, kowa ya ba sassan wasu jami'o'i maki daga 1 zuwa 5, sai a fitar da matsakaici. Kai da ka karanta ƙididdiga ka san wannan ra'ayi aka auna. Stanford, Berkeley, Harvard, Chicago da Carnegie Mellon ba sa barin sama, kuma sun cancanta. Amma tazarar da ke tsakanin ta 15 da ta 25 ba ta kai ka hana idonka barci ba.

Ga yadda abin yake a nan. Karatun kusan shekara 5 ne, biyun farko a aji, sannan jarrabawar tantancewa da kan yi waje da mutum. Idan sun ɗauke ka, yawanci sukan yafe kuɗin makaranta, su biya inshorar lafiya, su ba ka alawus, kai kuma ka riƙa koyar da 'yan ajin farko da duba takardunsu. Bizar ɗalibi ba ta yarda ka yi aikin da ya wuce awa 20 a mako ba lokacin zango, don haka alawus ɗin nan shi ne tuwonka. To ka ɗora shi kan kuɗin haya. Ɗaki a kusa da Stanford zai lashe rabinsa ko fiye, alhali a Ames, inda Iowa State take, kana iya kama gida har ka turo wani abu. Kuma kada ka raina su: tun 1933 suka kafa cibiyar ƙididdiga, a gwajin noma suka yi suna. Sanyi ne dai babu sauƙi.

Ingila ta fi sauri, shekara 3 zuwa 4, kai tsaye ka shiga kundi. A jami'ar UCL ta Landan aka buɗe sashen ƙididdiga na farko a duniya a 1911, sai dai kuɗin baƙo yana da nauyi, in ba ka samu tallafin karatu irin na Commonwealth ko asusun PTDF ba, ka haƙura. Jamus kuwa babu kuɗin makaranta, galibi ma'aikaci ake ɗaukar ka da albashi.

Abin da ya fi cin raina shi ne ban binciki malamin da zai duba aikina ba kafin na zo. Sunansa na bi. Sai da na iso na tarar ɗalibansa sun yi masa yawa, a wata sau ɗaya nake ganinsa, har na sauya wani, shekara guda ta tafi a banza. Ka rubuta wa ɗaliban malamin da kake so, ka tambaye su sau nawa suke zama da shi, waɗanda suka gama kuma ina suka samu aiki. Su ba sa ɓoyewa.

Tunda alƙaluman zazzaɓin cizon sauro kake so, ka duba sassan ƙididdigar lafiya irin na jami'ar Johns Hopkins, jerin da ka turo bai isa ba. Yawancinsu a Disamba suke rufe karɓar takardu, kowace kuma da kuɗin fom ɗinta, amma wasu kan yafe in ka roƙa. Ka fara neman takardar sakamakonka tun yanzu, ka san halin ofisoshinmu.

Ka gaishe min da Baba.