Facin mannewa na jaket ɗin jins: wanki ɗaya ya tona asirinsa

Masu tallar kayan ƙawata jaket a intanet, ku ji tsoron Allah. Na sayi ƙunshin nan da suke haɗawa, faci masu zane da ake mannawa da dutsen guga, fentin yadi, da 'yan ƙusoshin ƙarfe na ado. Kun san kuɗinsa, ga kuɗin mota har Sakkwato.

Jaket ɗin a gwanjo na tsinto shi, mai kauri, shuninsa bai koɗe ba, na yi niyyar in riƙa ɗora shi kan abaya da safe lokacin hunturu. Duk abin da aka rubuta a takardar na bi. Na shimfiɗa ƙyalle a kan facin, na danna dutsen guga da zafi ba tururi, na juya ciki na sake dannawa, na bari ya huce. Wallahi ya yi kyau, har ƙawayena a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna tambayar inda na samu.

Wankin farko, da hannu, ruwan sanyi, ko cuɗa kirki ban yi ba, babban furen da ke baya ya fara naɗewa daga gefe. Kafin rigar ta bushe a igiya ya rabu gaba ɗaya. Da faɗuwar kawai ya yi da sauƙi. Gam ɗin ne ya zauna a jikin yadin yana ƙyalli, ƙurar hunturu ta bi ta manne masa, bayan rigar ya koma awa an goga mata laka. Na kankare da farce, na sa sabulu, ko gezau. Ba damar sa ruwan bilic, don shunin jins a saman zaren yake, digo ɗaya zai bar farin tabo. Da na tura wa mai kayan hoto, amsarta ita ce, "Anti, ai ba a cika wanke shi ba." Rigar da za a shiga Keke Napep da ita a garin nan?

Fentin kam ban da abin cewa a kansa. Na fara shafa fari a ƙasa saboda duhun yadin, na zana sunana da ajami a kan aljihu, da ya bushe na goge ta ciki. Ya sha wanki bai tsage ba. Saboda shi har na fara cewa kuɗina bai tafi a banza ba.

To amma tabon baya fa? Sai da na je Shiyar Madunka na sayi jar fatar akuya, irin wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko alhali tamu ce. Wani dattijon baduku ya yanka min ita, ya huda gefen da basilla, ya ce, "Ɗiyata, da zare mai kauri za ki bi, kuma kada ki bari ta kwana a ruwa." Na zauna na ɗinke da hannuna. Ta fi furen kyau nesa ba kusa ba, sai dai dole na rufe wuri mai faɗi fiye da yadda na so, duk don ɓoye ɓarnar gam ɗin, kuma raina yana ɓaci duk sanda na tuna.

Sauran ƙananan facin na bi gefensu da allura kafin su ma su tashi. Mai kayan har yau ba ta maido min ko kwabo ba, saƙona na ƙarshe ma ta buɗe ta yi shiru.