Wata uku a ajin Ingilishi na dare a Garwa

Kayan babur nake sayarwa a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma rabin masu aiko min da kaya daga Najeriya suke, wasu a Yola, wasu can Anacha. Na Yola da Hausa ko Fulatanci muke gamawa. Na Anacha kuwa saƙon murya suke turo min a WhatsApp da Ingilishi, sai na nemi yaron maƙwabcina ya fassara min, har ya zama babu sirrin cinikina da bai sani ba. Abin da ya kai ni ajin dare ke nan, ina da shekara 43 da furfura a gemu. Masu tambayata ko wurin ya ci kuɗinsa sun yi yawa, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta.

Wurin ɗaki biyu ne a bayan wani shagon buga takardu. Sefa 10,000 a wata, kwana uku a mako. Malamin mutumin Bamenda ne, a tsohuwar unguwar Hausawan garin ya tashi, wadda ake ce wa Abakwa, don haka Hausa a bakinsa raɗau. Wannan ne babban jarinsa. Harsunan gwamnati biyu ne a Kamaru, Faransanci da Ingilishi, amma mu nan arewa a kan allon ofis da katin ɗan ƙasa muka fi haɗuwa da Ingilishi. Na taɓa gwada wani aji inda ake bayyana Ingilishi da Faransanci, ni kuwa Faransancina na kasuwa ne, an gudu ba a tsira ba. Mako biyu na yi na tattara nawa ya nawa.

Darasin da ya sa na yarda da mutumin nan a mako na biyar aka yi shi. Ya rubuta "fan out" a allo, ya ce kowa ya faɗi abin da yake zato. Wani tela da ke zama kusa da ni ya ce a fitar da fanka waje. Aka yi dariya, don fankar ɗakin ta mutu tun kafin mu fara zuwa. Ni kuma na taso da ƙarfina. A watan Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, ina filin Roumdé Adjia ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, kuma a bakin baƙin da suka cika garin na ji cewa "fan" shi ne mai goyon bayan ƙungiya. Sai na ce ai magoya baya ne suka fita daga fili. Malam ya ce, "Alhaji, ka yi ƙoƙari, amma ka ɗauki hanyar Marwa alhali Ngaundere za mu. Ara min kuɗin aljihunka."

Na zaro 'yan dubu-dubu guda shida na miƙa masa, gabana na ɗan faɗuwa. Ya danne gindinsu da babban yatsa, ya murza, kawunansu suka buɗe kamar ganyen giginya, yadda kowane ɗan kasuwa ke yi idan zai nuna wa abokin ciniki cewa kuɗi sun cika. Ya ce wannan shi ne "fan out". Asalin kalmar mafici ne, irin mai naɗewa da ake buɗewa, gindi a haɗe, baki a baje. Duk abin da ya taso daga wuri guda ya bazu gaba yana ƙara faɗi, da ita ake faɗinsa. Ya kawo misalin shanu idan sun bar ruga da safe sun doshi makiyaya, da samarin unguwa idan yaro ya ɓata suka taru a ƙofar mai unguwa sannan kowa ya kama lungunsa. Sa'annan ya mayar min da kuɗina, na ƙirga a gabansa.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne da ya ƙi barin mu fassara ta da "watsewa". Ya ce idan 'yan sanda suka jefa barkonon tsohuwa jama'a suka tarwatse, kowa ta kansa yake, wannan "scatter" ne. Masu neman yaron nan kuwa da niyya suka rabu, kowa ya san inda ya dosa. Mu a Hausa muna da bazuwa, watsuwa, warwatsuwa, fantsama, kuma Bahaushe ba ya musanya su da ka. Ban taɓa kawowa a raina cewa Bature ma yana tsefe maganarsa haka ba.

Daga nan ya jero 'yan uwanta biyu. "Spread out" ta fi sauƙin kai, ba ruwanta da inda abu ya taso: mace ta baza barkono a tabarma don shanya, ko 'yan wasa su buɗe fili. "Branch out" kuma daga reshen itace take, an fi jin ta a harkar kasuwanci, kamar mai kayan babur ya fara sayar da batirin sola. Ya kalle ni da ya faɗi haka, don ya san abin da nake ƙullawa.

Akwai ƙananan tarko da ya nuna mana. Idan abin ya riga ya wuce, harafin n biyu ake rubutawa, "fanned out", amma "spread" ba ta canza kama ko jiya ne ko yau. Idan kuma ba ka ambaci sunan abin ba, wakilin sunan a tsakiya yake zama, "fan them out", ba a kai shi ƙarshe. Sau uku na faɗa ramin nan a dare ɗaya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ƙarfe shida ake shiga aji, magariba tana kamawa ana tsakiyar darasi, kuma ba a tsayawa. Mu da muke fita salla sai mu dawo an goge allo. Na yi wa mai wurin magana, ya ce, "Alhaji, za a duba," har yau ana dubawa. An ce mana mutum goma sha biyu ne a aji, ranar Litinin ɗin da ta wuce na ƙirga ashirin da uku, wasu a bakin taga. A zafin Garwa na watan Afrilu, ɗaki ba fanka, wannan ba ƙaramin horo ba ne. Idan aka ɗauke wuta da fitilar waya ake ƙarasawa. Takardun darasi kuma a shagon gaba ake sayensu, kuɗinsu daban, ba wanda ya faɗa min haka ranar rajista. Ɗaki na biyu wani saurayi ne ke koyarwa, littafi kawai yake karantowa yana sa a maimaita. Duk wanda zai yi rajista ya tsaya kai da fata a sa shi ajin mutumin Bamenda, in aka ce ya cika, ya riƙe kuɗinsa ya jira.

Makon jiya na tura wa mutumina na Anacha saƙon murya da bakina, karo na farko ba tare da yaron maƙwabci ba. Na ce masa ina so in yi "branch out" zuwa batirin sola, ya turo min farashi. Sau huɗu na goge kafin in tura. Ya mayar da amsa yana dariya yana tambayar wa ya koya min, kuma amsar tasa sai da na saurara sau uku kafin in kama adadin katan ɗin da ya ce. Na biya kuɗin wata na huɗu ranar Asabar. Ni da tela mun haɗa kuɗi mun sayo fanka mai caji, muna zuwa da ita muna komawa da abarmu.